Goro, Gishiri da Masauki: Abin da Ake Saye a Walewale da Salaga Zamanin Bature

Shirinmu na musamman yau zai bi tsohuwar hanyar fatake ta arewacin Ghana, daga Bawku zuwa Walewale, a ratsa Yendi a sauka Salaga, mu ga me mutanen waɗannan garuruwa suke sayarwa lokacin da Bature ke mulki, kuma wa suke sayar wa.

Mu fara da Walewale. Garin yana ƙasar Mamprusi, ƙarƙashin sarkinta, Nayiri na Nalerigu, a kan hanyar da ta taso daga ƙasar Mosawa ta nufi kudu. A 1888 wani hafsan Faransa mai suna Binger ya yada zango a nan kan hanyarsa ta zuwa Salaga, ya tarar da garin Musulmi mai limami da 'yan kasuwa. Walewale ba ta da goro, ba ta da zinariya. Arzikinta shi ne duk ayarin da zai wuce sai ya kwana, kuma wanda ya kwana sai ya ci, ya sha, ya ba jakinsa harawa, ya nemi inda zai jibge kaya ya yi barci ba fargaba.

Shi ya sa babbar sana'a a wannan hanya ita ce ta mai gida, wato mai masaukin baƙi. Bafatake ya iso da kanwa da turkuɗin Kura da sirdi da takalman dukawan Kano, bai san kowa ba, ba ya jin Gwanjanci ko Dagombanci. Mai gida ne zai ba shi ɗaki, matan gidan su dafa masa tuwo, yaran gidan su kai jakuna kiwo. Shi zai kira dillali, shi zai yi tafinta, shi zai tsaya a ƙirga goro ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari ke nan, a jera cikin ganye a ɗaure huhu. In an ba da kaya bashi, shi ne jingina. Sau da yawa ba a biyan kuɗin ɗaki, la'adar ciniki ita ce ribarsa. Ku duba fa, a zamanin da babu banki babu rasit, mutum zai bar dukiyarsa a hannun wanda ba danginsa ba, ya yi wata da watanni a hanya, ya dawo ya tarar da ita yadda ya bar ta. A ganina babu hajar da ta kai wannan amana tsada a duk kasuwar Gwanja, ƙasar da Salaga take. Mai gidan da ya ci amanar baƙo sau ɗaya, labarinsa zai riga ayarin isa Kano, shekara mai zuwa madugu zai sauke mutanensa a wani gidan.

A kewayen masauki sauran sana'o'i suke tsira. Mahauci yana jiran shanu da tumakin Mosawa. Wanzami yana aski da ƙaho da cire belu. Maƙeri yana gyaran linzami da wuƙa, baduku yana ɗinke waga da ta yage. Mata na tuyar masa da ƙosai, suna dama koko da fura, suna sayar da man kaɗe da daddawa. Malami ma yana da nasa rabon: rubutun sha, layar tsari, da duba ranar da ta dace ayari ya tashi. A Salaga, garin da ya yi suna da yawan rijiyoyi, har ruwa da itacen girki sai da kuɗi in rani ya tsananta. Kada kuma mu ɓoye abin da ba ya ɓoyuwa: a wannan kasuwa an sayar da 'yan Adam, bayi da aka kamo daga ƙasashen Gurunsi da maƙwabtansu, kuma wasu gidajen da suka yi arziki da goro sun yi da wannan ma.

Bature bai tarar da Salaga a ganiyarta ba. Tun da Ingilishi suka ci Tonawa, mutanen Kumasi, da yaƙi a 1874 goron da ke zuwa daga Kumasi ya fara karkata, sai yaƙin basasar 1892 ya watsa garin. 'Yan kasuwa suka bazu Kete-Krachi, Yeji da Kintampo. Cikin waɗanda suka bar Salaga akwai Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya zauna Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934. A 1899 Ingila da Jamus suka raba yankin a kan takarda: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa hannun Jamus, wadda tun 1896 ta ci Dagombawa a Adibo. Har 1914 bafataken da ya tashi daga Yendi zuwa Salaga yana tsallaka iyakar Turawa biyu a hanyar da kakansa ya bi ba mai tambayarsa takarda. Ingilishi sun kafa shingayen karɓar harajin ayari, suka soke shi a 1908, shekara guda bayan sun ɗauke hedikwatarsu daga Gambaga zuwa Tamale.

Amma abin da ya karya ayarin goro jirgi ne. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi a 1903, na Legas kuma ya isa Kano a 1912. Goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga can ya hau dogo, tafiyar watanni ta koma ta makonni. Alhassan Ɗantata, ɗan Bebeji da aka haifa a 1877, yana cikin waɗanda suka gane haka da wuri, suka riƙa loda goronsu a jirgin ruwa daga gaɓar Gold Coast, wato Ghana ta yau. Masu masaukin Salaga da Yendi sun yi ta jiran jakunan Kano, jakunan suna raguwa kowace shekara.

Hanyar ba ta mutu ba, masu binta ne suka sauya. Shanu suka ci gaba da gangarowa daga yankin da Faransa ke mulka ta Bawku da Paga zuwa mahautan Kumasi, har gwamnati ta kafa cibiyar likitan dabbobi a Pong-Tamale domin rigakafin bushiya. Sai kuma samarin Mosawa, Frafra da Kusasi, dubbai, masu tafiya a ƙafa zuwa gonakin koko da ramukan zinariyar Obuasi da Tarkwa, musamman bayan an ɗora harajin kai a 1936. Zuwa, aljihu wayam, sai koko da ƙosai a Walewale. Dawowa kuwa, da sule a ɗaure a ƙugu, kuma a nan ne ɗan koli da mai kanti suke darawa. Kayan da ake nema a lokacin su ne atamfa, kananzir, ashana, sabulu, sukari, taba sigari, fitilar ƙwai, tasa da akwatin ƙarfe, mai hali kuma ya sayi keke. Sababbin sana'o'i suka fito: tela mai keken ɗinki, mai facin keke, direban lori da yaransa, ɗan kamasho a tasha.

Manyan kamfanoni irin su UAC, wanda aka haɗa a 1929, su ke shigo da kayan, amma wanda ya kai su ƙauye kwano-kwano, ƙulli-ƙulli, yawanci Bayarabe ne, da dama daga Ogbomosho, sai Bahaushe ɗan koli. Kayan gida ba su ja da baya ba: gishirin Daboya yana gogayya da na Ada da ake hawo da shi Kogin Volta a kwalekwale, masaƙan Yendi da Daboya suna fitar da ƙyallen da ake ɗinka rigar batakari. Kuɗi ma iri biyu ne. Bature na son sule da sisi da kwabo mai huji, tsohuwa mai daddawa a Bawku kuwa ta daɗe tana cewa ita wuri ta sani, shi ya ba 'yan canji wurin zama a bakin kasuwa.

Hanyar mota ta farko da ta taso daga Kumasi zuwa Tamale ta Yeji da Salaga take bi, a tsallaka kogi da jirgin fito, don haka Salaga ta ɗan samu na cefane har bayan 'yancin 1957. Da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, tafki ya faɗaɗa mashigin Yeji, babban titi ya koma ta Kintampo da Buipe, ya bar Salaga a gefe. A 1969 dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta rufe kantunan Yarabawa masu yawa a arewa. Walewale kuwa titi bai guje ta ba, manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar Tema zuwa Burkina Faso ta tsakiyarta suke wucewa.