Zakarun da ake kiwo domin gashinsu, ba namansu ba

A garin Delta da ke jihar Kolorado ta Amurka akwai gonar Whiting Farms, wadda Tom Whiting ya kafa a 1989. Zakarun da ake kiwo a can ba na miya ba ne. Gashinsu ake so, kuma masunta ne masu saye.

Kifin tirawut da ke kogunan ruwan sanyi yana cafkar ƙwarin da ke sauka a saman ruwa. Shi ya sa masunci ke ɗaure gashin zakara a jikin ƙugiya da zare, ya yi ƙwaron bogi. Sharaɗin shi ne ƙwaron ya tsaya a kan ruwa. Da zarar ya nitse, aiki ya ɓaci.

Wani Baturen Ingila, Frederic Halford, ya yaɗa wannan salo da littafin da ya fitar a 1886.

Yadda ake zaɓe

Daga wuyan zakara ko gadon bayansa ake samun gashin. Na wuya yana da girma iri-iri, na baya kuwa dogo ne, guda ɗaya kan isa ƙugiya da dama.

Gwani yakan lanƙwasa gashin ya duba. Ana son silinsa ya miƙe tsaye, mai tauri da sheƙi, karansa kuma siriri mai naɗuwa ba tare da karyewa ba. Gashin kaza mace ya yi laushi, shan ruwa yake yi.

Tsawon silin bai kamata ya wuce faɗin bakin ƙugiyar sau ɗaya da rabi ba. In ya zarce haka, ƙwaron yakan kife.

Kafin a ɗaura, ana tsige lallausan gashin gindi, a bar ɗan kara tsirara inda zare zai kama. Wanda ya yi maiƙo a wanke shi da ruwan sabulu a shanya. Sabon gashi kuwa ana sa shi a firiza na 'yan kwanaki, domin asu kan cinye tarin da aka yi shekaru ana haɗawa.

A 2011 yayin maƙala gashin zakara a kai ya ɓarke a shagunan gyaran gashi na Amurka. Farashi ya yi tashin gwauron zabi, masunta suka koma neman gashi ido rufe. Gonaki ba su iya cike giɓin nan take ba, domin sai zakara ya yi kusan shekara kafin gashinsa ya nuna.