Ganiyar Jiki da Dabarar Tsere: Yadda Ake Auna Gwanayen Keke na Duniya

Keke ya daɗe da zama abin hawan talaka a Yankara da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, inda manomi kan ɗaura masa buhun masara zuwa kasuwa, ɗalibi kuma ya hau shi zuwa makaranta, amma kaɗan ne daga cikin mahayansa suka san cewa a wasu ƙasashe tseren keke sana'a ce mai zaman kanta, wadda take da ƙungiyoyi da likitoci da albashi mai tsoka. Wanda ya fara kallon irin wannan tsere a talabijin ko a waya yakan ɗauka cewa wanda ya fi kowa ƙarfin ƙafa shi ke zuwa na ɗaya, alhali masana wasan da ma'auni biyu suke auna mahayi. Na farko shi ne ganiya, wato matakin da jikin mahayi ya kai na ƙarfi da juriya a daidai makon da ake tseren, na biyu kuwa shi ne dabara, wato sanin wurin da ya kamata a ɓoye ƙarfi da wurin da ya kamata a fito da shi. Duk kwatancin da aka yi tsakanin gwanaye biyu ba tare da an haɗa waɗannan ma'aunai ba, kwatanci ne gurgu.

Tsarin gasar da matsalar iska

Babbar gasar keken titi ita ce Tour de France, wadda aka fara a 1903, ake kuma yin ta galibi a watan Yuli cikin zango 21 da tsawonsu ya haura kilomita 3,000, ta yadda zango guda kan kai nisan Kano zuwa Katsina ko ya zarce. Kowace ƙungiya tana shiga da mahaya takwas, ana tara lokacin da kowane mahayi ya ɗauka a kowane zango, wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙaranci shi ke sanya rawayar riga, wanda kuma ya fi tara maki a gudun ƙarshen zango shi ke sanya koriya. Akwai wasu gasa biyu masu mako uku, wato Giro ta Italiya a watan Mayu da Vuelta ta Sifaniya a ƙarshen Agusta, sai kuma tseren yini guda, wanda wanda ya fara tsallake layi shi ya ci.

Tushen dukkan dabarun wannan wasa shi ne iska. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a kan titin Funtuwa zuwa Gusau a tsakiyar hunturu, iska na bugun ƙirjinsa, ya san cewa rabin wahalar a ture iskar take, kuma wahalar tana ninkuwa ne gwargwadon ƙaruwar gudu. Ƙwararrun mahaya suna tafiyar da ta haura kilomita 40 a sa'a na tsawon yini, saboda haka wanda ya laɓe a bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, wanda ya shige tsakiyar ayari kuwa yakan rage fiye da haka. Ayari shi ne babban curin mahayan da ke tafiya tare, kuma kowace ƙungiya a cikinsa tana da madugu, wato wanda aka ɗora wa burin cin gasa, da mataimaka waɗanda aikinsu shi ne su tare masa iska, su ɗebo masa ruwa da abinci daga motar ƙungiya, su ba shi tayarsu ko kekensu idan ya yi faci. A mafi yawan zanguna wasu 'yan tsiraru kan ɓalle tun da wuri su yi gaba, ayari kuma ya ƙyale su da gangan har sai sun gaji, domin tsohon ƙiyasin wasan ya nuna cewa a shimfiɗaɗɗen titi ayarin da ya tashi bi haiƙan yana iya cinye kimanin minti ɗaya na tazara a kowane kilomita goma.

Ire-iren mahaya da yadda ake gina ganiya

Ana auna ƙarfin mahayi da wat, wato ma'aunin da ake auna ƙarfin lantarki da shi, ta hanyar wata na'ura da ake maƙalawa a wajen feda. A kan tudu abin da ake dubawa shi ne yawan wat da mahayi ke fitarwa a kan kowane kilo na nauyin jikinsa, shi ya sa gwanayen hawan dutse sirara ne masu nauyin kusan kilo 60, kuma manyansu kan riƙe fiye da wat shida a kowane kilo har tsawon rabin sa'a. Gwanayen gudun ƙarshe kuwa ƙaƙƙarfa ne masu kaurin cinya, waɗanda kan kai kilomita 70 a sa'a a mitoci 200 na ƙarshe, amma sukan sha wuya a duwatsu. Rukuni na uku su ne gwanayen tsere da agogo, wato zangon da ake sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tafi shi kaɗai ba tare da mai tare masa iska ba, wanda saboda haka shi ne zangon da ya fi tona asirin ganiyar kowa.

Ganiya ba ta daɗewa, domin jikin ɗan'adam ba ya iya zama a ƙololuwar ƙarfinsa fiye da 'yan makonni, saboda haka masu horarwa kan zaɓi gasar da suke so mahayi ya kai ganiyarsa a cikinta, su tsara atisayen watanni daga nan. Sukan kai mahaya sansanoni masu bisa, irin su dutsen Teide da tsaunukan Sierra Nevada a ƙasar Sifaniya, inda ƙarancin iskar shaƙa kan sa jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini. Abinci ma sashe ne na lissafin, domin a yau mahayi kan ci giram 90 zuwa 120 na sukari da sitaci a kowace sa'a yana bisa keke, kuma wanda ya yi sakaci da wannan ƙafafunsa kan mutu farat ɗaya komai shirinsa. A gasar mako uku akwai ƙarin sharaɗi, wato saurin murmurewa tsakanin dare da safiya, wanda shi ke bambanta mahaya a mako na uku.

Pogacar da Vingegaard

Babu kwatancin da ya fi bayyana wannan magana kamar na Tadej Pogacar ɗan Slobeniya, wanda aka haifa a 1998, da Jonas Vingegaard ɗan Denmak, wanda aka haifa a 1996, waɗanda su biyu suka cinye dukkan gasannin Tour de France daga 2020 zuwa 2025. Pogacar mahayi ne mai son kai farmaki, yana da ƙarfin fizga ta 'yan daƙiƙu da ƙarfin hawa mai tsawo, yana kuma cin tseren yini guda kamar yadda yake cin na mako uku. Vingegaard, wanda ya yi aiki a masana'antar sarrafa kifi kafin ya zama ƙwararre, ya fi shi rashin nauyi, ya fi jin daɗin dogayen duwatsu masu bisa, kuma yakan tattara shekararsa kacokan a kan babbar gasa ɗaya ko biyu.

Pogacar ya ci gasar 2020 ne a zangon tsere da agogo na jajibirin ƙarshe, inda ya shafe tazarar daƙiƙa 57 da ɗan ƙasarsu Primoz Roglic ya ba shi, ya sake cin ta 2021 cikin sauƙi, har aka fara ganin babu mai iya ja da shi gaba da gaba. Ƙungiyar Jumbo-Visma, wadda Vingegaard da Roglic suke cikinta a lokacin, ta amince da hakan, sai ta nemi hanyar da ba ta gaba da gaba ba. A zango na 11 na gasar 2022, Roglic da Vingegaard suka riƙa kai masa farmaki bi da bi a hanyar dutsen Galibier, shi kuwa ya riƙa bin kowannensu da kansa, domin ba shi da tabbacin wanda zai ƙyale, kuma mataimakansa sun ragu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, domin da aka iso dutsen ƙarshe na Granon, mai bisan sama da mita 2,400, ƙarfinsa ya ƙare, Vingegaard ya ba shi tazarar kusan minti uku, ya karɓe rawayar riga bai sake sakinta ba. Wannan nasara ce ta dabara a kan mahayin da ba a fi shi ƙarfi ba a safiyar ranar.

Shekaru biyu da suka biyo baya sun nuna ɗaya gefen, wato tasirin ganiya. A watan Afrilun 2023 Pogacar ya karye a wuyan hannu, atisayensa ya yanke, kuma duk da cewa ya riƙe wuta mako biyu, a zango na 16 Vingegaard ya ba shi minti ɗaya da daƙiƙa 38 a tsere da agogo na kilomita 22 kacal, washegari kuma ya sare a dutsen Loze, aka ƙare gasar da tazarar minti 7 da daƙiƙa 29. A watan Afrilun 2024 sai reshe ya juye da mujiya, domin Vingegaard ya faɗi a wata gasa a yankin Basque na Sifaniya, ya karya ƙashin wuya da haƙarƙari, huhunsa kuma ya ji rauni, Pogacar ya cinye Giro da Tour a shekara guda, ya ci zango shida a kowacce, ya kuma bar abokin hamayyarsa da minti 6 da daƙiƙa 17. A 2025, da dukkansu suka zo da lafiya, Pogacar ya ba da tazarar sama da minti biyu a dutsen Hautacam, daga nan ya rage kai farmaki, ya riƙa bin tayar Vingegaard a tsaunukan Alps, ya ci gasar da minti 4 da daƙiƙa 24. Hukuncin da za a yanke shi ne Pogacar ya fi faɗin gwaninta, kuma darasin Granon ya koya masa tattalin ƙarfi, Vingegaard kuwa shi ne mahayi ɗaya tilo da ya kayar da shi a wannan gasa har sau biyu.

Darasin Kigali da misalin Girmay

A watan Satumban 2025 aka yi gasar kofin duniya ta keken titi a Kigali, babban birnin Ruwanda, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma mako guda ya isa ya nuna cewa amsar tambayar wane ne gwani ta danganta da irin tseren. A tsere da agogo, Remco Evenepoel ɗan Beljiyam, wanda ya ci zinare biyu a gasar Olamfik ta 2024, ya cim ma Pogacar ya wuce shi, duk da cewa an saki Pogacar minti biyu da rabi kafin shi. Bayan kwana bakwai, a babban tseren kilomita 267 mai hawa da gangara, Pogacar ya ɓalle saura sama da kilomita 100, ya yi fiye da kilomita 60 na ƙarshe shi kaɗai, Evenepoel ya zo na biyu, kuma mahaya 30 kawai suka kai ƙarshe.

Biniam Girmay ɗan Iritiriya, wanda aka haifa a 2000 a Asmara, birnin da ke bisa tsaunin da ya haura mita 2,300, misali ne na mahayin da ya san iyakar ƙarfinsa ya gina dabararsa a kai. Ba ya ja da su Pogacar a dogon dutse, kuma akwai waɗanda suka fi shi gudu a shimfiɗaɗɗen titi, amma ya fi yawancinsu jure ƙananan tuddai, saboda haka yakan nemi zangon da wahala ta riga ta rage ƙarfin abokan karawarsa, ko wanda layinsa yake kan ɗan hawa. Da haka ya ci tseren Gent-Wevelgem na Beljiyam da zango guda na Giro a 2022, sannan a 2024 ya ci zango uku na Tour de France ya tafi da koriyar riga, abin da babu ɗan Afirka da ya taɓa yi kafin shi.

Wajibi ne mai kwatanta ganiya ya tuna cewa wasan yana da tabon shan haramtattun ƙwayoyi masu ƙara kuzari, wanda ya sa a 2012 aka ƙwace wa Lance Armstrong ɗan Amurka kofunan Tour bakwai da ya ci daga 1999 zuwa 2005. Tun 2008 hukumar keke ta duniya take ajiye tarihin jinin kowane ƙwararren mahayi, domin a gane sauyin da bai dace da ɗabi'ar jiki ba.

Abin da ya rage wa ƙasar Hausa

Ƙasashen Afirka da suka fitar da mahaya sun yi hakan ne ta hanyar shirya tsere a kai a kai, kamar yadda Burkina Faso ta kafa Tour du Faso a 1987, Ruwanda kuma ta mai da nata tseren na ƙasa da ƙasa, domin ana iya gina ganiya a atisaye, amma dabara a cikin ayari kawai ake koyon ta. Najeriya tana da filin tseren keke a Abuja tun gasar wasannin Afirka ta 2003, amma sai a 2024 ta fara tura mai keke zuwa Olamfik, wato Ese Ukpeseraye, wadda sai da ta ari keke daga tawagar Jamus kafin ta shiga wani sashe na gasar. Matasan Yankara da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ba su rasa juriya ba, abin da suka rasa shi ne hanya mai aminci a yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, da kekunan tsere, da mai koya musu tafiya a jere. Ya kamata hukumomin wasanni na jiha da ƙananan hukumomi da makarantu da masu hannu da shuni su fara da gajerun tsere a cikin garuruwa, a bisa kekunan da matasa ke da su, a riƙa rubuta lokacin kowa ana ajiyewa, domin a gane masu hazaƙa tun suna ƙanana a tura su gaba.