Ko Kun Sani? Cizon Sauro Ne Ya Yawaita Jinin AS

Ko kun san cewa yawan masu jinin AS a ƙasar Hausa aikin zazzaɓin cizon sauro ne? Ƙwayar cutar ba ta samun sakewa a jinin AS kamar yadda take samu a jinin AA, shi ya sa zazzaɓi mai tsanani bai cika kashe yaro mai AS ba. Shekaru aru-aru, a wurare masu yawan sauro irin ƙauyukan da ke kewaye da madatsar Watari a Bagwai a yau, irin waɗannan yara sun fi rayuwa har su girma su hayayyafa, 'ya'yansu kuma su gaji jinin.

Wannan shi ne zaɓin yanayi, wanda Charles Darwin ya bayyana a littafinsa na 1859: halin gado da ke taimakon mai shi ya rayu ya haihu yakan yawaita daga zuriya zuwa zuriya. Babu mai zaɓen da gangan, cutar ce ke tankaɗe.

Anthony Allison ne ya tabbatar da alaƙar AS da zazzaɓi a 1954, a Gabashin Afirka. Nan kusa ma, binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a Garki (Jigawa a yanzu) a shekarun 1970 ya gano AS ya fi yawa cikin yaran da suka haura shekara biyar fiye da jarirai.

Sai dai kariyar tana da tsada. In AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Jama'a, a yi gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.