Yadda Nokia Ta Faɗi: Abin da Ya Kamata Masu Kasuwanci Su Sani

A shekarar 2005 kamfanin Nokia ya sanar cewa ya sayar da wayarsa ta cikon biliyan ɗaya, kuma a Najeriya aka saye ta. Nokia 1100 ce, 'yar ƙaramar nan mai tocila a ka, wadda caji ɗaya ke kai mutum kwanaki. Za ta suɓuce ta faɗi a kan siminti ta rabu gida uku, a tsince batir da murfi a mayar, ta ci gaba da aiki kamar ba a yi ba. An sayar da irinta sama da miliyan 250. Zuwa ƙarshen 2007, cikin kowace waya goma da aka saya a duniya kusan huɗu na Nokia ne. Bayan shekara shida kacal, a watan Satumban 2013, kamfanin ya amince ya sayar wa Microsoft sashen wayoyinsa, haɗe da izinin amfani da fasahohinsa, a kan Yuro biliyan 5.44.

A yanzu ko'ina maganar da ake yi ita ce zamanantar da aiki. Bankuna, ma'aikatun gwamnati, makarantu, har da masu shagunan kasuwa, kowa na cewa zai mayar da harkarsa kan kwamfuta da intanet. Da yawa sun ɗauka da zarar an sayo na'urori an ɗauki yaro mai ilimin kwamfuta, magana ta ƙare. Labarin Nokia ya nuna akwai sauran aiki, domin a lokacin da ta faɗi tana da kuɗi, tana da ƙwararrun injiniyoyi dubbai, tana kuma kashe biliyoyin Yuro duk shekara a kan bincike.

Sauyi ba baƙon abu ba ne a wurin Nokia. A 1865 wani injiniya, Fredrik Idestam, ya kafa ta a ƙasar Finlan a matsayin masana'antar niƙa katako don yin takarda. Daga baya ta haɗe da wasu kamfanoni, ta yi takalman roba, tayoyin mota, wayar wutar lantarki da talabijin. Da Jorma Ollila ya karɓi shugabanci a 1992, kamfanin na cikin mawuyacin hali, sai ya yanke shawarar a rabu da sauran sana'o'in a rungumi sadarwa. Shawarar ta yi kyau. A 1998 Nokia ta wuce Motorola ta Amurka, ta zama ta ɗaya a duniya wajen ƙera wayar hannu. Lokacin da GSM ta iso Najeriya a 2001, da 3310 da 'yan uwanta mutane da yawa suka fara cewa "halo".

Ana yawan cewa Nokia barci ta yi har iPhone ta zo ta same ta. Wannan magana ba ta cika daidai ba. Tun 1996 ta fitar da Nokia 9000, waya mai buɗewa kamar littafi, da ake aika saƙon imel a shiga intanet da ita. A 2004 ta fitar da 7710 mai allon taɓawa, shekara uku kafin iPhone. A 2007 ta ƙulla cinikin sayen Navteq, kamfanin taswira, a kan dala biliyan 8.1. Shugabanninta sun hango inda duniya ta dosa. Isa wurin ne ya gagare su.

Abin da ya canza a 2007 da 2008 shi ne ma'anar waya kanta. A da, ana zaɓen waya ne da kyan jikinta, ƙarfin batir da kama sabis, kuma a nan babu mai kama ƙafar Nokia. Da Apple ya fito da iPhone a 2007, ya buɗe App Store a 2008, sannan wayar farko mai tsarin Android na Google ta fito a shekarar, sai daraja ta koma kan manhaja, wato tsarin da ke cikin waya yana sarrafa ta. Apple da Google tamkar kasuwa suka kafa, suka ce duk mai haja ya zo ya buɗe rumfa. Masu rubuta manhaja daga ko'ina suka cika ta da wasanni, taswira da hanyoyin hira. Mai saye kuwa inda rumfuna suka fi yawa can yake zuwa.

Ita Nokia an gina tsarin aikinta ne a kan ƙera jikin waya. Kowace shekara tana fitar da samfura da dama, kowane sashe na da nasa, kuma sassan na gasa da juna wajen samun kuɗi da injiniyoyi. Manhajarta, Symbian, sai a yi ta yi mata kwaskwarima don ta dace da kowace sabuwar waya. Farfesa Yves Doz na makarantar kasuwanci ta INSEAD, wanda ya daɗe yana nazarin kamfanin, ya ce zuwa 2009 akwai nau'in manhajar har 57 da ba sa jituwa da juna. Wanda ya rubuta wasa don wata wayar Nokia ba shi da tabbacin zai yi aiki a wata. Risto Siilasmaa, wanda ya shiga hukumar daraktocin kamfanin a 2008, ya ba da labarin yadda ya gano cewa harhaɗa manhajar don a gwada ta na cin awa 48. A tsaya a duba abin da wannan ke nufi ga mai aikin. Injiniya ya yi gyara ranar Litinin da safe, ba zai san ko gyaran ya yi ba sai Laraba. In ya tarar da kuskure, ya sake jiran wasu kwana biyu. Komai ƙwazonsa, mako zai ƙare bai wuce gwaji biyu ko uku ba. Abin da ya fi tayar wa Siilasmaa hankali shi ne, matsala irin wannan ta daɗe ana fama da ita a ƙasa, hukumar daraktoci ba ta da labari.

Me ya hana labarin hawa sama? A nan ne, a ganina, zuciyar maganar take. Wasu masana biyu, Timo Vuori da Quy Huy, sun yi hira 76 da manyan shugabanni, manajoji, injiniyoyi da masana na waje, suka wallafa sakamakon a 2016. Abin da suka gano tsoro ne iri biyu. Na sama suna tsoron Apple da Google da masu hannun jari, waɗanda ke jiran ganin riba duk wata uku. Saboda haka suka riƙa matsa wa na ƙasa lamba, suna sa musu wa'adin da ba zai yiwu ba, ba tare da sun bayyana musu girman haɗarin da kamfanin ke ciki ba. Su kuma manajojin tsakiya tsoron manyansu suke yi. Wasu shugabannin sun yi suna wajen faɗa da tsawa a taro. Wanda ya ce wa'adi ba zai yiwu ba sai a ɗauke shi rago, a ba wani aikin. Wanda ya ce "an gama, ranka ya daɗe" shi ake ba kuɗi da ma'aikata. Da mutane suka fahimci haka, sai kowa ya koyi kai rahoto mai daɗin ji. Ƙari a kan haka, da yawa daga na saman ba su da zurfin sani a harkar manhaja, don haka ko an shafa musu mai a baki ba za su gane ba.

Sakamakon ya fito a kasuwa. A 2009 aka fitar da N97 da sunan ita ce za ta kara da iPhone, masu saye suka same ta tana sanƙarewa, allonta na da taurin kai. Daga baya ɗaya daga cikin manyan shugabannin kamfanin ya amsa a fili cewa wayar ta ba masu amfani da ita kunya.

Babu wanda ya zauna ya shirya yaudarar kamfanin. Kowa kare kujerarsa da abincin iyalinsa yake yi, kuma a irin wannan yanayi abin da yawancin mutane za su yi ke nan. Shi ya sa nake ɗora nauyin a kan shugabanci. Shugaba ne ke koya wa mutanensa irin labarin da za su kawo masa, ta yadda yake karɓar mai kawo mummunan labari.

A watan Satumban 2010 aka sauke shugaban kamfanin, Olli-Pekka Kallasvuo, aka kawo Stephen Elop, ɗan Kanada, daga Microsoft. Shi ne shugaba na farko da ba ɗan Finlan ba. A Fabrairun 2011 ya rubuta wa ma'aikata wata takarda da ta karaɗe duniya, inda ya kwatanta kamfanin da mutumin da wuta ta kama dandamalin haƙar mai da yake tsaye a kai a tsakiyar teku. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 11 ga watan, ya sanar a Landan cewa Nokia za ta koma amfani da manhajar Windows Phone ta Microsoft. Gaskiya ya faɗa game da halin da ake ciki, amma faɗin gaskiya ma na da tsari. Ya shaida wa duniya cewa Symbian ta zo ƙarshe alhali wayar da za ta gaje ta, Lumia, ba ta shiga kasuwa ba sai ƙarshen shekarar. Dillalai da masu saye suka ja baya daga kayan da mai su da kansa ya ce sun kusa zama tsohon yayi. A 2012 Samsung ya karɓe matsayi na ɗaya. Shi ma Microsoft bai ci ribar cinikin ba: a 2015 ya rubuta asarar dala biliyan 7.6 a kan sashen, ya kuma sanar da sallamar ma'aikata 7,800, bayan dubban da ya sallama a 2014.

Mutane da yawa sun ɗauka Nokia ta mutu daga nan. Tana nan da ranta, sana'a ta sake. Siilasmaa ya zama shugaban hukumar daraktoci a 2012, ya fara da gyara yadda ake zama a tattauna. Ya nemi a riƙa kawo zaɓi fiye da ɗaya a kan kowace babbar shawara, a yi muhawara cikin mutunci, daraktoci su sami damar jin ta bakin ma'aikata kai tsaye. Ya riƙa nanata cewa shiru ne abin tsoro, mummunan labarin da ya iso da wuri kuwa alheri ne. Ya kamata a ambata cewa Ollila ya musanta yadda Siilasmaa ya siffanta zamanin shugabancin shi Ollilan, don haka labarin na da ɓangare biyu. Amma abin da ya biyo baya a bayyane yake. A 2013 Nokia ta sayi kason Siemens na Jamus a kamfanin kayan sadarwar da suka haɗa, a 2016 ta kammala sayen Alcatel-Lucent, ta zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera na'urorin da kamfanonin waya ke ɗorawa a kan turakun sabis. Wayoyi masu sunan Nokia da suka dawo kasuwa daga baya, wani kamfani ne daban, HMD Global, ya karɓi izinin amfani da sunan. Akwai kuma wani abu da ya burge ni game da Siilasmaa. Da ya ga ana ta maganar ƙirƙirarriyar basira shi kuma bai fahimce ta sosai ba, sai ya koma ɗalibi, ya yi darussa ta intanet, ya zauna yana rubuta manhaja da hannunsa, sannan ya shirya lacca ya koyar da ma'aikatansa. Shugaban da ya san abu daidai gwargwado ya san tambayar da zai yi.

A nahiyarmu kuwa, gurbin da Nokia ta bari wani kamfanin Chaina ne ya cike shi, Transsion, mai Tecno, itel da Infinix. Bai zo da fasahar da ta fi ta kowa ba. Ya lura mutane na yawo da layi biyu ko uku saboda sabis da tsadar kira, ya kawo waya mai sim biyu. Ya lura da matsalar wuta, ya ƙara girman batir. Ya gyara kyamara don ta fito da fuskar baƙar fata da kyau, ya sa harsuna irin su Hausa, Amharik da Swahili. Duk wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai ga inda wannan sauraro ya kai shi.

Darasin ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin kasuwancinmu a kan maigida da yaransa aka gina shi. Girmama na gaba tarbiyya ce mai kyau, amma takan sa yaron shago ya ga ɓaraka ya yi shiru, don kada a ce ya yi rashin kunya ko yana neman nuna ya fi maigida sani. Alhali shi ne ke tsaye a gaban mai saye. Shi ya ji lokacin da mutum ya ce "ba ku karɓar tiransifa?" ya juya ya shiga shagon gaba. An ga haka ƙarara a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi bayan Babban Bankin Najeriya ya sake fasalin naira 200, 500 da 1,000. Masu POS da asusun karɓar kuɗi suka ci gaba da ciniki, waɗanda suka dogara da tsaba kaɗai suka wuni suna kallon hanya. Manhajojin wasu manyan bankuna ma sun riƙa sanƙarewa saboda cunkoso, jama'a suka karkata zuwa OPay, Moniepoint da PalmPay.

Sayen na'urar POS shi ne mafi sauƙi. Da zarar kuɗi sun fara shigowa ta asusu, tambayoyi sabbi za su taso, kuma maigida ne kaɗai zai iya amsa su. A wayar wa alat zai shigo? Wa ke da ikon sakin kaya idan mai saye ya nuna rasit amma kuɗi ba su faɗo ba? Littafin bashi zai ci gaba da zama a aljihun mutum ɗaya, ko za a sa shi inda wani zai iya dubawa? Idan kaya sun yi kwantai, wa zai faɗa, kuma me zai same shi in ya faɗa? Sau da yawa yaron da ya fi kowa ƙuruciya a shagon shi ya fi kowa sanin yadda waɗannan abubuwa ke aiki, don haka dole maigida ya zauna ya koya a wurinsa, ya kuma ware lokaci, ko da sau ɗaya a mako bayan an rufe shago, ya tambayi kowane yaro shi kaɗai abin da masu saye suka nema aka rasa da kuma abin da ya lalace ba a faɗa ba.