Allah ɗaya ko uku? Abin da Kiristoci ke nufi da Triniti

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram, Musulmi da Kirista na ciniki rumfa kusa da rumfa, ana ba juna bashi, ana zuwa wa juna suna da biki. Amma da an taɓo addini sai ka ji an ce: ai su alloli uku suke bauta wa. Kirista kuwa, in ka faɗa masa haka, sai ya ce ka yi masa ƙazafi. To jama'a, me suke cewa da bakinsu?

Cewa suke Allah ɗaya ne, zatinsa ɗaya, amma a cikin ɗayantakar nan akwai Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wannan shi ne Triniti. Maryamu uwar Yesu, wato Annabi Isa a wurin Musulmi, ba ta ciki. Kalmar "Ɗa" ita ta fi tayar da ƙura. Su dai ba haihuwa ta aure suke nufi ba. Bahaushe ma kan ce ɗan kasuwa, kuma ba wanda ya taɓa jin kasuwa ta yi naƙuda. Sai dai nufinsu ya fi wannan nauyi nesa: a wurinsu Ɗan yana tare da Uban tun fil'azal, ba halitta ba ne.

Kalmar Triniti ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932. Wani malami ɗan Kartaj, a ƙasar Tunusiya ta yau, mai suna Tartuliyan, shi ya fara amfani da ita a Latin wajen shekara ta 200. Malamansu sun ce daga nassi suka tattaro ma'anar: Attaura ta ce Ubangiji ɗaya ne, Linjilar Yahaya ta kira Yesu Kalma, ƙarshen Linjilar Matta kuma ya umarci a yi baftisma da sunan ukun. Su ma kansu sun sha gardama. Wani limami a Iskandariya ta Masar, Ariyus, ya ce Ɗan halitta ne. Sai da sarki Kustantin ya tara shugabannin majami'u a Nikiya, cikin Turkiyya ta yau, a 325, suka ƙi maganarsa. Taron Kustantiniya na 381 ya ƙarasa batun Ruhu Mai Tsarki.

A ganina asalin bambancin yana wajen wahayi. Musulmi ya yi imani maganar Allah ta sauko ta zama Littafi. Kirista ya ce Kalmar Allah ta zama mutum, littafinsa kuma shaida ce da annabawa da manzanni suka rubuta da Ibrananci da Girkanci bisa ja-gorar Ruhu. Shi ya sa fassara ba ta dame shi ba, da Hausa yake karatunsa da addu'arsa.

Musulunci bai yarda da Triniti ba, Suratun Nisa'i da Ma'ida sun faɗa ƙarara, kuma ba mai ɓoye wannan. Amma ƙin yarda daban, ƙaga wa mutum abin da bai faɗa ba daban. Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, da yawansu Hausawa ne na Tsibiri da Maraɗi da kewaye, asibitin Galmi kuma tun 1950 yake karɓar kowa. A watan Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen wata jaridar Faransa, ba su suka yi zanen ba, amma su wutar ta ci.