Sharaɗi Kafin Aiki: Nasiha Ga Masu Gida Da Yaransu

 Ga bayani a kan zaman maigida da waɗanda ke yi masa aiki.

Duk wanda ya zauna a rumfunan Kantin Kwari, ko Kasuwar Singa, ko Dawanau, ya san kuka iri biyu da ba su ƙarewa. Masu gida suna cewa yaran zamani ba su da amana, ba su da haƙuri, da an juya baya sai hannu ya shiga akwatin kuɗi. Yara kuwa suna cewa sun yi shekara bakwai ko goma suna buɗe kanti suna rufewa, babu albashi sananne, babu ranar sallama, sai kuɗin abinci da ɗinkin salla. Kowanne yana da tasa gaskiya. Amma ruwa ba ya tsami banza. In aka bi diddigin rigimar, galibi sai a tarar tushenta guda ne, watau an fara aiki ba a yanke magana ba. Kunya ta hana yaro tambaya, maigida kuma ya ga yin shiru ya fi masa arha. Daga baya shirun nan ya kan ci jari, ya ci zumunta, har ya kai mutane gaban alƙali.

Fasali na farko: yadda magabata suka tsara aiki

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su tashi da ka ba. Ayari ya kan fita daga ƙasar Kano da jakuna ɗauke da tufafi rinannu da kanwa da kirgi, ya nufi Salaga, tafiya da komowa ta ci wata shida, wani zubin har shekara. A cikin taron nan kowa ya san matsayinsa. Madugu shi ne shugaba, shi ke magana da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Jagaba yana gaba, yana duba hanya da zango. Ubandawaki yana taimakon madugu wajen tattara abin da aka aza wa kowane falke. Ga kuma malamin ayari, mai addu'a da rubutu. Ba a taɓa barin aikin jagaba a hannun wanda bai san hanya ba don kawai ɗan ɗakin madugu ne, domin kuskure ɗaya ya isa ya halaka dukiyar jama'a duka.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, tsarin nan ne ya sake kama. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955, ya fara da fataucin goro, sa'an nan ya zama babban mai sayen gyaɗa. Ba da hannunsa biyu ya tara ta ba. Wakilai ya ke ba kuɗi, su shiga kasuwannin ƙauye su auno, su kawo, a yi lissafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwa da yawa ma ba su ɗauka sai kowanne ya san gefen da zai kama.

Fasali na biyu: zaɓen wanda za a ɗauka

Malamai sun san ƙissar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Madyana, cikin Suratul Ƙasasi. Siffa biyu aka ambata a kan wanda ya cancanci a ɗauke shi aiki: ƙarfi da amana. Ƙarfi a kasuwar yau shi ne iya aikin: iya lissafi, sanin yadi da awo, iya magana da mai saye, iya sarrafa kwamfuta ko na'urar karɓar kuɗi ta POS. Amana kuwa ba ta bukatar fassara. Amintaccen da bai iya ba zai ɓatar da dukiya da kyakkyawar niyya, gwanin da ba shi da amana zai ɓatar da ita da gwaninta. A lura kuma, a ƙissar nan an faɗi wa'adi tun farko: shekara takwas, in ya so ya cika goma. Haka nan a lokacin Hijira, shekarar 622, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Abubakar sun yi hayar Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya nuna musu hanya, alhali bai musulunta ba a lokacin, saboda ya san hanyar, kuma an amince da shi.

Saboda haka, kafin maigida ya nemi mutum, ya fara tantance aikin da ya ke so a yi, ya iya faɗinsa a jimla uku. Sa'an nan ya tambayi wanda yaron ya yi wa aiki a da, ya nemi dattijon da zai tsaya masa. Kuma gani ya kori ji: a ba shi wata guda ko uku na gwaji, da ladansa, a sa shi ya auna, ya ƙirga, ya rubuta ciniki a gaban ido. Ɗan'uwa ma haka za a yi masa. Ɗaukar dangi ba laifi ba ne, laifin shi ne a ɗauki wanda ba za a iya tambayarsa lissafi ba.

Fasali na uku: yanke lada da rubuta shi

Littattafan fiƙihun Malikiyya da a ke karantawa a zaurukan ƙasar nan, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu, sun shimfiɗa hukuncin wannan al'amari tun da daɗewa. Ijara ba ta inganta sai da lada sananne da aiki ko wa'adi sananne. In an yi aiki a kan ijarar da ta ɓaci, a kan koma ga ladan da a ke ba irinsa a gari. Ƙiradi kuwa shi ne mai dukiya ya ba da jari, mai aiki ya juya, a raba riba bisa kaso sananne, rabi ko sulusi ko abin da suka yarda. In hasara ta auku ba da sakaci ko ƙetare iyaka ba, a kan jari ta ke, mai aiki kuwa ya yi hasarar wahalarsa. Wanda ya ce wa yaro, “Ka yi ta aiki, zan duba ka,” bai yi ijara ba, bai yi ƙiradi ba, ya ajiye rigima ce kawai zuwa wata rana.

Dokar ƙasa ma ta bi wannan hanya. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta wajabta a ba ma'aikaci takarda kafin ya wuce wata uku da kama aiki, mai bayyana irin aikinsa da ladansa da sa'o'insa da hutunsa. Ta hana tsakanin biya da biya ya wuce wata guda. Ta ba wanda ya cika wata goma sha biyu hutun kwana 6 na aiki, mafi ƙaranci, da albashinsa. Ta kuma yanke sanarwar rabuwa: kwana guda ga wanda bai wuce wata uku ba, mako guda har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata guda daga nan zuwa sama. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000. Mai ƙaramin kanti ma ya kamata ya riƙe wannan adadi a matsayin ma'auni, ya dubi abin da ya ke bayarwa.

Rubutu ba zargi ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ladan da aka jinkirta kuwa bashi ne a wuyan maigida. Takarda guda ta isa, ko da ajami ko da boko, da shaidu biyu, kowa ya riƙe tasa.

Fasali na huɗu: tafiyar da aiki kullum

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maigida ya raba mai karɓar kuɗi da mai rubuta ciniki, kada mutum guda ya haɗa biyun. Kuɗin da a ke turowa ta waya su faɗa asusun kanti, kada su bi ta asusun yaro. A rufe littafi kowace yamma, a ƙidaya kaya kowane mako ko wata, a rana sananniya, kowa da kowa, har ɗan maigida. Lissafin da aka saba yi ba ya ɓata ran kowa. Wanda a ke yi sai ran da aka yi zargi, shi ne ke raba mutane. Na'urar ɗaukar hoto tana da amfani, amma hannu ta ke gani, ba ta ganin ragin da aka yi wa aboki, ko mai sayen da aka kora da ɗaure fuska.

Kowane ma'aikaci ya san wanda zai ba shi umurni, mutum guda, ba uku ba. In an ba shi aiki, a ba shi ikonsa: a gaya masa iyakar ragin da zai yi, da wanda zai ba bashi, don kada ciniki ya tsaya duk sa'ad da maigida ya fita. A yanke lokacin buɗewa da rufewa, da na salla da abinci, da ranar hutu. Gajiyayye shi ke kuskuren canji. In ya yi daidai a yabe shi a gaban jama'a, in ya yi kuskure a ja shi gefe. Wanda aka zaga a gaban masu saye ba gyara ya ke koyo ba, ɓoye kuskure ya ke koyo.

Fasali na biyar: riƙe na kirki da sallamarsa

Waɗansu suna zaton ƙaramin lada riba ne. Henry Ford, mai masana'antar motoci a Amurka, ya gwada ya gani. A 1913 sai da ya ɗauki mutum fiye da 50,000 don ya riƙe ma'aikata wajen 14,000, saboda yawan masu barin aiki. A watan Janairu na 1914 ya mai da ladan yini dala 5, ninkin na da har da ɗori, ya rage sa'o'in aiki daga 9 zuwa 8. Barin aiki ya ragu ƙwarai, aiki ya ƙaru. Haka abin ya ke a rumfa: yaron da ya tafi ya kan tafi da sanin kaya da farashi, wani lokaci har da masu saye, sabo kuma sai an yi watanni ana koya masa.

Sallama da jari al'ada ce mai kyau, ita ta haifi attajirai da yawa a ƙasar Hausa. Abin da ke ɓata ta shi ne rashin wa'adi. A faɗi shekarun tun ranar farko, a faɗi abin da za a bayar, kuɗi ne ko kaya ko rumfa. In ya yiwu, a riƙa ware masa wani abu kowace shekara ana rubutawa, domin mutuwa ba ta sallama, magada kuwa ba su san alkawarin da ba su gani a rubuce ba.

A nan malamai suna da babban rabo. Gardawa da yawa daga tsangaya su ke shiga kasuwa, kuma da yawun malaminsu a ke karɓarsu. Malamin da ya miƙa almajirinsa ga attajiri, ya zaunar da su biyu, ya tambayi lada da wa'adi da lokacin karatu, ya rubuta, ya sa hannu. Abin da kunya ta hana yaro faɗa, malam ba ya jin nauyin faɗarsa. Yaro kuma, da ya karɓi sharaɗi, ya sani kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Allah Ya sa albarka a nema, Ya kiyaye haƙƙin kowa. Wassalam.