Jar Agwagwa Mai Nutso

Idan hunturu ya kama, akwai wata baƙuwar agwagwa da ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, da kuma Tabkin Cadi. A gabashin Turai da Asiya take yin ƙwai, nan wurinmu cin rani kaɗai ke kawo ta.

Ga yadda za ku shaida ta. Tsawonta wajen inci 16 ne, jikinta ja ne mai duhu, amma ƙarƙashin wutsiyarta fari fat, shi ne babbar alama. Namijin farin ido gare shi, idon macen kuwa ƙasa-ƙasa ne. In ta tashi, sai ku ga farin zane a fikafikanta.

Mai son ganinta ya yi sammako, ya laɓe a bakin ruwa mai yawan bado, gama tsoro gare ta ƙwarai. Zai ga ta nutse ɗungum tana neman 'ya'yan ciyayi, jim kaɗan ta ɓullo a gaba.

Yawanta yana raguwa a duniya, ga shi kuma ambaliyar fadamun nan ta ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974. Saboda haka ana roƙon masunta, in ta faɗa koma da rai, su sake ta.